Fodkas ɗin Zaure: Ƙafa ta yi nauyi, cutar SEP ce ta dawo ko ƙarambau ne?

Rabi: Barkanku da war haka daga Maradi. Tun da maganar nan ta faɗo zauren WhatsApp, wai in ƙafar mai cutar SEP ta yi nauyi yana iya zama ƙarambau ne ba cutar ba, ba a huta ba. Yaya Sani, kai ne ma'aikacin jinya.

Sani: To, mai cutar nan da likitoci ke cewa SEP, wato sclérose en plaques da Faransanci, garkuwar jikinsa ce ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Sai a ba shi maganin da zai danne garkuwar. Amma ƙwayar ƙarambau da ya yi tun yana yaro ba ta bar jiki ba, tana kwance a tushen jijiyoyi kusa da laka. Garkuwa na yin sanyi, sai ta farka.

Ibro: Ƙarambau dai na yara? Wanda ake shafe su da farin magani?

Rabi: Unguwarmu har layi suke yi a ƙofar gida, kowa fari fat!

Ibro: Kakanni na tsaye da bulala, kar wanda ya sosa.

Rabi: Sai sun juya baya...

Sani: Ku tsaya mana. In ƙwayar ta farka a babba, ƙuraje ne masu zafi, gefe ɗaya, kamar ɗamara. Wani lokacin ta shiga lakar kanta: ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya tsaya, kuma ba dole ƙurajen su fito ba. Nan ne hankalina ke tashi. Mutum ya ɗauka tsohuwar cutar ce ta taso, a ɗura masa kotizon mai ƙarfi, wanda shi ma ke danne garkuwa, ƙwayar ta ƙara samun fili. Hoton IRM, mai nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, da gwajin ruwan baya ke rabe su, maganin ƙwayar kuma asiklobir ne ta jijiya.

Rabi: Yaya, wane maganin SEP ne ya fi kawo haka?

Sani: An fi ambaton fingolimod, wanda Amurka ta amince da shi a 2010. A wani gwajinsa mutum biyu sun rasu, ɗaya ƙarambau ne ya watsu masa. Shi ya sa ake auna jini kafin a fara. Wanda bai taɓa yin ƙarambau ba a yi masa rigakafi, a jira wata guda. Kuma kar kowa ya yanke maganin da kansa, cutar na iya dawowa da ƙarfi.

Ibro: Mai zuwa Yamai ko Kano ganin likita fa, kuɗin mota...

Rabi: Ibro, lokaci ya ci mu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.