Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Lauya, Daga Fom ɗin JAMB Zuwa Gaban Alƙali

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne suka haɗu a kan batu ɗaya a wannan makon, wato karatun lauya a jami'o'in gwamnati a Najeriya, don haka su za mu ba filin gaba ɗaya.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Gusau. Ya ce bana yake kammala sakandare, yana son sanin abin da ake bukata kafin a samu gurbin karatun lauya.

To ɗana, ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma lallai a ciki a samu Turanci da Adabin Turanci, jami'o'i da yawa ma suna ƙarawa da Lissafi. A jarrabawar JAMB darussa huɗu za ka zauna: Turanci, Adabin Turanci, sai biyu daga irin su Gwamnati, Tarihi ko Ilimin Addini. In ɓangaren Shari'ar Musulunci kake so, ka tanadi Larabci ko Ilimin Addinin Musulunci. Adabin nan shi ne ke yawan kayar da yaranmu, domin makarantu da dama ba su da malaminsa, sai yaro ya zo cike fom sannan ya ji labari. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabensu ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Saboda haka ka duba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Ahmadu Bello ta Zariya tun kafin ka hangi nesa.

Amma ga abin da na fi so ka riƙe. Akwai majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi a ƙasar nan, ita ce ke amincewa da tsangayar lauya ta kowace jami'a, ita ce kuma ke yanka mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta zarce adadinta, ɗalibanta ne ke shan wahalar: su gama shekara biyar, ga digiri a hannu, amma su zauna gida shekara ɗaya ko biyu suna jiran layin Makarantar Horas da Lauyoyi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don laifin ba na yaran ba ne. Ka bincika tukuna ko an amince da tsangayar, ka kuma tabbata sunanka ya fito a CAPS, shafin JAMB da ake tabbatar da gurbin karatu a kai. Digirin lauya na karatun yamma ko na ƙarshen mako, majalisar ba ta karɓarsa.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Haɗeja. 'Yarta tana aji uku a Jami'ar Bayero, tana tambaya yaushe za ta zama lauya, kuma wai gaskiya ne sai ta cire hijabi?

Hajiya, a ƙara haƙuri, da sauran tafiya. In ta gama aji biyar, za ta yi kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Bagauda ta Kano, Yola, Legas, Inugu, Yenagoa da Fatakwal, kuma makarantar ce ke rarraba ɗalibai, don haka kada ki sa rai lallai Bagauda za a kai ta. A can ake koyon aikin da hannu: yadda ake shigar da ƙara, yadda ake rubuta takardar cinikin fili, yadda ake yi wa kamfani rajista, tare da makonnin zama a kotu da ofishin lauya. Sai ta ci jarrabawar ƙarshe, a rantsar da ita, a rubuta sunanta a kundin Kotun Ƙoli, sannan ta tsaya gaban alƙali. Kuɗin wannan shekarar ya fi na jami'a nauyi, ga baƙar riga da hular lauya, don haka a fara tanadi tun yanzu.

Batun hijabi kuwa an wuce wurin. A Disambar 2017 an hana Amasa Firdaus shiga zauren rantsuwa saboda hijabinta, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2018 aka rantsar da ita da shi. Ki kuma ba 'yarki labarin Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014.

Ta ƙarshe daga wani magidanci ce a Kwantagora, wanda ya ce lauyoyi sun yi yawa, anya ɗansa zai samu abin yi?

Malam, ba zan ɓoye maka ba, shekarun farko da ɗaci. Bayan hidimar ƙasa, matashin lauya yakan kama aiki a ofishin babba, yana ɗaukar fayil, yana zaman jiran a kira shari'a tun ƙarfe tara, albashin kuma ba ya taka kara ya karya. Amma ƙofar ba ɗaya ba ce: akwai Ma'aikatar Shari'a, bankuna, kamfanoni, koyarwa, da aikin majistare. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai lauya ya shekara 10 a aiki zai zama alƙalin Babbar Kotu, 12 a Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 a Kotun Ƙoli. Ya kuma wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka wanda ya haɗa dokar boko da shari'ar Musulunci bai yi asara ba.

Yawan da kake gani a Abuja ne da Legas da Kano. Mafi yawan mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, wasu don ba su da wanda zai rubuta musu takardar neman beli. A ƙauyukan da ke kewaye da kai akwai marayun da aka cinye musu gado, da manoman da aka raba da gonakinsu don sun dangwala yatsa a takardar da ba su iya karantawa ba. Lauyan da zai zauna da su, ya fayyace musu doka da Hausa, shi ne ya yi ƙaranci. In yaron yana da juriyar karatu, ka sa masa albarka ya tafi.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a ci gaba da turo wasiƙu.