Yanka da fiɗar akuyar gida ba tare da an ɓata fata ba

Wannan jar akuyar da kuke gani, a bayan gida aka kiwata ta da dusa da harawa. Yau za mu yanka ta, mu feɗe ta da hannunmu, ba sai mun jira mahauci ba. Amma tun kafin a ɗauko wuƙa, ku dubi fatar nan da kyau. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Mai koyon fiɗa kuwa, abin da yake fara lalatawa ke nan.

Tun daren jiya muka janye mata abinci, muka bar mata ruwa kawai. Tumbin da bai cika ba ya fi sauƙin fitarwa. In kwanan nan aka yi mata allura ko aka ba ta magani, a dakata sai kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa sun cika.

Da sassafe ake wannan aiki, domin a watan Afrilu zafin garin nan na Sakkwato yakan haura digiri 40, nama ba ya jira. A wasa wuƙa inda dabbar ba ta gani. A kwantar da ita a ɓangaren hagu, a fuskantar da ita alƙibla, a yi Bismillah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗaga hannu ba. Sai a ƙyale ta jini ya gama zuba, ta daina shure-shure.

To, ga inda aikin yake. A ɗan tsaga fatar ƙafar baya, a zura tsinke a buɗe hanya, a hura iska har jikin ya kumbura, ana bubbugawa. Iskar ce ke raba fata da tsoka. A ja layi ɗaya daga wuya zuwa gindin wutsiya, da cikin ƙafafu huɗu. Daga nan a ajiye wuƙa. Ku ga yadda nake dunƙule hannu ina turawa tsakanin fata da nama? Haka mahauta suke yi. Mai gaggawa yakan bi da bakin wuƙa, ya bar huda uku ko huɗu, majemi kuwa da ya ɗaga fatar ya hango haske ta ciki, kuɗinta ya faɗi.

A rataye ta da ƙafafun baya. Wajen buɗe ciki, bakin wuƙa ya kalli waje, yatsu biyu na tare tumbi. Matsarmama tana manne da hanta, a cire ta a hankali, in ta fashe ɗacinta zai bi naman. A tsaga hantar a duba, mai tsutsa ko ƙuraje a binne ta, kada a jefa wa karnuka.

Kayan ciki su fara shiga tukunya. Ita kuma fatar, a kankare kitsen da ya maƙale, a barbaɗe cikinta da gishiri har gefe-gefe, a shimfiɗa ta a inuwa. Ranar Sakkwato takan ƙona ta kafin ta kai hannun majema.