Darasin lambu: sauya wa fushiya wuri bayan ta kafu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na aikin lambu daga nan Jos. Yau za mu yi magana a kan fushiya, furen nan da ke reto a jikin reshe kamar ɗan kunnen amarya, da yadda ake cire ta daga inda ta shekara da shekaru a kai ta wani wuri ba tare da ta mutu ba.

Asalin yawancin ire-irenta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, inda da dama ke tsirowa a kan tsaunuka masu sanyi da laima. Shi ya sa take jin daɗin Jos, wadda ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, alhali a Kano ko Sakkwato zafi kan ƙone ta. Abin da ta fi tsoro shi ne rana mai ƙuna da bushewar saiwa.

Turawa kan yi wannan dashe lokacin sanyinsu, sa'ad da shukar ta daina girma, amma hunturunmu busasshiyar iska ce mai tsotse ruwan ganye, watan Maris kuwa zafi ne. A ganina, ku jira watan Mayu ko farkon Yuni, lokacin da damina ta zauna, ƙasa ta jiƙa, kuma marka ba ta kankama ba. Ku zaɓi yammaci bayan la'asar, ko ranar da aka tashi da hadari.

Ku fara haƙa sabon ramin kafin ku taɓa shukar, a wurin da hantsi ke sauka amma inuwa ke rufewa da tsakar rana. Faɗinsa ya ninka na dunƙulen saiwar sau biyu, sannan ku cuɗa ƙasar da kuka fitar da ruɓaɓɓen takin shanu, domin ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Idan jar ƙasa ce mai riƙe ruwa, ku ƙara yashi da ruɓaɓɓen ganye.

Ana gobe za a yi aikin, ku ba shukar ruwa sosai, ku kuma rage kashi ɗaya cikin uku na rassanta. Na san mutum yakan ji ciwon yanke reshe mai fure, amma saiwar da ta ji rauni ba za ta iya shayar da ganyen duka ba.

Saiwar fushiya siririya ce, kuma kusa da saman ƙasa take yaɗuwa, saboda haka ku sa shebur nesa da gindin da kamar santimita 30, ku zagaya ta, sannan ku cusa shi ta ƙarƙashi ku ɗaga a hankali. Ina roƙonku kada ku kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwar, kuma kada ku ja shukar ta kara. Ku ɗora ta a kan buhu, mutum biyu su ɗauka.

Ku zaunar da ita daidai zurfin da take a da, ku mayar da ƙasa, ku danna da hannu, ku kwarara ruwa har ya ratsa. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye ba tare da ta taɓa karan ba, kuma ku riƙa ɗaga ciyawar kuna dubawa saboda gara. Idan ganyen ya yi yaushi a kwanakin farko, ku kafa mata 'yar rumfar zana, kuma kada ku zuba takin zamani sai kun ga sabon toho ya fito.