Zauna ka saurari karatun ɗanka

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata da ke can baya kuna ji na ko? To madalla.

Bari in fara da abin da ya faru a gidana, don shi ya sa na amsa gayyatar nan. Ɗiyata tana aji huɗu a firamare, kullum sakamakonta mai kyau, sai ran nan kakarta ta miƙa mata waya ta ce takwara karanta mani saƙon nan da kawunki ya turo, da Hausa fa aka rubuta, layi biyu kacal. Yarinyar nan ta ƙura wa wayar ido, leɓenta na motsi amma ba abin da ya fito. Ashe abin da ke littafin makaranta haddace shi ta yi tas, sabon rubutu kuwa ba ta iya haɗa baƙi da wasali. Wallahi ranar da ƙyar na yi barci, kuma ban ga laifin malaminta ba, mutumin da yara suka cika mashi aji har wasu na zaune a ƙasa. Ni ne ban taɓa zama na ce karanta in ji ba.

Kuma mu Katsinawa ne fa. Garin Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Muna son faɗar wannan a majalisa, amma a gidajenmu nawa ne yaro ya taɓa ganin babanshi riƙe da littafi?

Abin da ke ba ni mamaki, hanyar mun san ta tun a makarantar allo. Malam zai biya maka, ka maimaita da ƙarfi, gobe ka zo ka biya mashi, sai ya tabbatar ya zauna sannan a wanke allon. To haka na koma yi da ita. Bayan Magariba a shimfiɗa tabarma, in an ɗauke wuta ga fitila mai caji, minti 15 kawai, ina karanta layi tana karanta layi da yatsanta a kan rubutun. In ta yi tuntuɓe kar ka yi saurin faɗa mata, ƙyale ta ta ɗan yi kokawa da kalmar, kuma don Allah a ajiye bulala, yaron da ke kallon hannunka ba ya kallon takarda.

Ku fara da Hausa, shi ne yaren da yaro ke tunani da shi, in ya iya haɗa baƙaƙe a nan Turancin zai zo mashi da sauƙi. Ba sai littafi mai tsada ba. In kuna cikin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro allunan shaguna ma sun isa, karanta mani wancan, me aka rubuta a can.

Ke kuma uwa da za ki ce ai ni ban yi boko ba, kunnenki ake so. Kina tankaɗe yana karanta maki, ki tambaye shi to sai Gizo ya yi yaya? In ya iya ba ki labarin da bakinshi to ya gane. Tawa ɗiyar yanzu ita ke karanta wa kakarta duk saƙon da ya shigo, har rigima suke da wanta kan wa zai riƙe wayar.