Rikicin layukan IRQ a tsohuwar kwamfuta da yadda ake raba shi

Assalamu alaikum. Barkanku da zuwa, musamman ku da kuka rufe shagunanku kuka zo. Zancenmu na yau a kan tsohuwar kwamfutar tebur ne, irin wadda har yanzu ake kawo muku saboda ita ce ke tuƙa injin yankan sitika, ko injin sakar zane, ko wata na'urar ɗakin gwaji da katinta ba ya shiga sabuwar kwamfuta. Mai ita zai ce muku tun da aka sa mata sabon kati take sandarewa. Da yawa daga cikinmu sai mu ce bairos ne, mu goge komai, mu sake zuba Windows, bayan kwana biyu a dawo mana da ita. Wannan yana damuna ƙwarai, domin bayanan mutum ne ake asara a banza, alhali ciwon yana wani wuri dabam.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya zagayawa yana tambayar kowace na'ura ko tana da buƙata. Aikinsa yake yi, sai in an kira shi. Ku ɗauka masinja ne a ma'aikata, gabansa akwai allon ƙararrawa, kowane ofis da lambarsa. Lamba 1 ta buga, ya san kibod ne, ya ajiye abin da yake yi, ya je ya karɓi saƙo, ya dawo. Waɗannan lambobin su ne IRQ, wato layukan da na'urori ke kiran furosesa ta kansu. To in aka haɗa ofis biyu a waya ɗaya, ƙararrawa za ta buga, masinja ya tafi ofishin da ya sani, ɗayan kuwa ya yi ta jira.

Layukan kaɗan ne, kuma dalilin yana cikin tarihi. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta zo da guntu guda na kamfanin Intel mai suna 8259, mai layi 8. A 1984 da aka fito da PC/AT sai aka ƙara na biyu, aka jona shi ta layi na 2 na farkon. Lissafi ya ba da 16, amma da yake ɗaya ya tafi wajen jonawar, 15 ne ke aiki. Su ɗin ma yawancinsu da masu su. Ku rubuta wannan, domin shi za ku riƙa dubawa: 0 na agogon cikin tsarin ne, 1 kibod, 6 fulofi, 8 agogon da ke riƙe kwanan wata, 12 linzamin PS/2, 13 na sashen lissafi, 14 da 15 na hanyoyin IDE guda biyu inda hadis da CD suke. Ƙofofin COM su ne inda ake jona irin su linzami da modem: layi na 4 na COM1 da COM3 ne, na 3 na COM2 da COM4, na 7 na ƙofar firinta. Abin da ya rage muku ku yi wasa da shi bai wuce 5, 9, 10 da 11 ba. A lura kuma, katin da aka saita a kan 2 a zahiri kan 9 yake. Kada ku sa ɗaya a 2, ɗaya a 9, kuna ganin kun raba su.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya sosai. Ramukan kati iri biyu ne za ku tarar a bod ɗin shekarun 1990. Akwai ISA, dogo, yawanci baƙi. Akwai PCI, gajere, yawanci fari, wanda Intel ta fito da shi a 1992. Katin ISA taɓa ƙararrawa yake yi sau ɗaya, kuma guntun yana lura ne kawai da lokacin da wuta ta tashi daga ƙasa zuwa sama. Idan wani kati ya riga ya ɗaga layin, kiran na biyu ya ɓace kenan, babu wanda ya ji shi. Shi kuwa katin PCI danne ƙararrawar yake yi ba ya saki sai an zo. Tsarin aiki, irin su Windows, sai ya bi direbobin da ke kan layin, wato manhajojin da ke tuƙa kowane kati, ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, har ya gano mai kiran. Saboda haka katin PCI biyu ko uku za su zauna a layi guda lafiya, in direbobinsu nagari ne. ISA biyu ba za su zauna ba, haka ma ISA da PCI.

Wanda bai san wannan bambancin ba zai buɗe Windows 2000 ko XP, ya ga na'ura biyar a kan layi na 9 ko na 11, hankalinsa ya tashi, ya shiga gyaran abin da bai lalace ba. Tsarin ACPI, mai kula da wuta da rabon kayan aiki, ne ya jera su haka. In kwamfuta tana aiki daidai, ku ƙyale ta.

Ga misalin rikici na gaske. Linzami yana kan COM1, aka sa modem na ciki a kan COM3. Adireshinsu dabam, ɗaya 3F8, ɗaya 3E8, shi ya sa kowanne yake bayyana kamar lafiya lau. Amma layi na 4 ya haɗa su. Da modem ya fara aiki sai linzami ya tsaya cik, ko kuma saƙo ya ƙi tafiya sai ana motsa linzamin. Maganinsa, a shiga BIOS, wato shafin saitin bod da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, a kashe COM2 na kan bod in ba a amfani da shi, a mayar da modem COM2 a layi na 3. Katin sadarwa irin NE2000 shi ma sau da yawa a kan 3 yake zuwa daga kamfani, ya yi karo da COM2. Katin sauti na Sound Blaster na farko-farko a kan 7 yake, tare da firinta, daga baya aka mayar da shi 5. Alamarsa sauti ya kama maimaita kansa kamar faifai ya maƙale.

Yadda ni nake bi, kuma shi nake ba ku shawara, takarda da biro ne kafin sukudireba. A Windows 95 ko 98 ku buɗe Device Manager, ku danna Computer sau biyu, jerin layukan zai fito da mai riƙe da kowanne. Alamar motsin rai a cikin ɗigo mai ruwan ɗorawa tana nuna inda ake rigima. A Linux fayil ɗin /proc/interrupts zai nuna muku. Sai dai kada ku yarda da allo ɗari bisa ɗari, domin tsohon katin ISA mai jamfa ba ya gaya wa kowa inda yake. Jamfa ita ce 'yar baƙar hular da ke haɗa ƙusoshi biyu a jikin kati, kuma yawanci lambobin suna rubuce a gefenta. Ku kashe kwamfuta, ku zare wayar wuta, ku taɓa ƙarfen akwatin, ku ciro katin ku karanta da idonku.

Da kun san lambar, sai ku shiga BIOS, shafin PnP/PCI Configuration, ku mayar da rabon kayan aiki zuwa Manual, ku sa wa wannan layin Legacy ISA. Kun gaya wa bod kenan cewa layin da mai shi, kada ya ba katin PCI. Yawancin rikicin da nake gani daga rashin wannan mataki ɗaya yake. Sannan lambar da ke kan jamfa dole ta yi daidai da wadda aka gaya wa direba. A DOS, layin SET BLASTER=A220 I5 D1 yana cewa katin yana kan 5. In jamfa tana kan 7, shiru za ku ji.

In layuka sun ƙare, ku kashe abin da ba a amfani da shi: ƙofar COM da ba kowa, ƙofar firinta, IDE na biyu in babu abin da ke kansa. In katin PCI ne ke gardama, canza masa rami yakan wadatar, domin ramukan suna karɓa-karɓa ne a kan wayoyi huɗu, kuma ramin da ke maƙwabtaka da AGP, wato ramin katin hoto, yawanci layinsu ɗaya da katin hoto. Abu ɗaya za ku riƙa canzawa, ku kunna, ku gwada, ku rubuta. In kun canza uku a tare ta warke, ba ku san wanne ne ya yi maganin ba.

Na ga hannu a baya. Na'am, ɗan'uwa?

Ga waɗanda ba su ji ba, yana cewa ya gyara irin wannan, ta yi aiki, amma kullum aka ɗauke wuta ta kwana sai rikicin ya dawo. Ɗan'uwa, duba agogonta. In kwanan wata ma yana komawa baya, batirin bod ne ya mutu, yawanci CR2032 mai kama da kwabo. Shi ke riƙe saitin BIOS, don haka da ya mutu wancan Legacy ISA da ka sa gogewa yake yi. Canza batirin, ka sake saitin, ka kunna Reset Configuration Data sau ɗaya domin bod ya manta tsohon rabo. Takardar da ka rubuta lambobin kuma ka manna ta a cikin murfin akwatin saboda mai gyaran da zai buɗe bayanka.