An Kashe Min Sarki a Taku Huɗu, Dala Biyar Ta Tafi

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau ga ni a dandalin Washington Square da ke birnin Niyok, a kusurwar da teburan darar ces suke. Ku yi haƙuri da hayaniya, wani ne can yake busa kamar an aiko shi.

Kun ga dattijon nan mai jar hula? Yanzun nan ya cinye min dala biyar. Haka tsarin wurin yake: ka zauna, ka biya, a danna agogo, a kara. Ni kuwa da taƙamar na iya darar gida, wadda muke haƙa ramuka a ƙasa muna jera tsakuwa da tsinke, na zauna ina murmushi. Taku huɗu kacal ya yi. A cikin 'ya'yan darar, ya fito da wadda ake kira giwa, ya fito da sarauniya, duka biyun suka saita ɗan sojan da ke gefen sarkina, wanda ba mai gadinsa sai sarkin kansa. Sarauniya ta cinye shi, dattijo ya ce "cekmet" a hankali, ya miƙo hannu. Ko kofin shayina ban buɗe ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, sarkina yana nan tsaye a gidansa, ba wanda ya taɓa shi. A dararmu ai ci ake yi har abokin karawa ya ƙare. A ces kuwa, gida 64, 'ya'ya 16 kowane ɓangare, amma ba a cin sarki. Wasa yana ƙarewa ne idan an kai masa hari, ba inda zai gudu, ba mai shiga tsakani, ba kuma mai iya cinye maharin. Idan kuwa ba a kai masa hari ba, amma mai shi ba ya da sauran takun da zai yi, to canjaras ke nan. Kalmar cekmet, wadda ake faɗa idan an ritsa sarki, ita ma daga Farisanci ta fito, "shah mat", wato sarki ya rasa ta-cewa. Daga Indiya wasan ya taso, ya ratsa Farisa, Larabawa suka kai shi Andalus. Shi ya sa wadda Turawa ke kira sarauniya, su Larabawa waziri suke ce mata.

To, mawaƙan garin nan sun daɗe da ƙwace kalmar. 'Yan ƙungiyar rap ta Wu-Tang Clan da ke Staten Island, musamman RZA da GZA, 'yan ces ne na gaske. A 2005 GZA da DJ Muggs suka fitar da kundi mai suna Grandmasters, yawancin sunayen waƙoƙin daga allon ces aka ɗauko su. A shekarar ne kuma Jadakiss ya mayar wa 50 Cent martani da waƙar da ya raɗa wa Checkmate. Zambo ne tsagwaronsa, irin na mawaƙan fada idan suka samu abokin gabar ubangidansu: na rufe maka kowace ƙofa, sai ka yi magana mu gani. Har 'yan matan Koriya na ƙungiyar ITZY sun sa wa kundinsu wannan suna a 2022.

Sai dai ni ina da ja. A waƙa, mutum da bakinsa yake shelar ya yi cekmet, gobe abokin faɗa ya shiga situdiyo ya dawo da amsa. Wane irin cekmet ne ake mayar masa da martani? Na gaskiyar ba ya son ganga. Manyan 'yan wasa ma ba sa jira a kai can. Da sun hango shi tafe, sai su tsayar da agogo su miƙa hannu.

Af, kafin in manta, nan gaba kaɗan a Times Square ne ɗan Najeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a watan Afrilun 2024, don tara kuɗin karatun yara. Ni minti ɗaya ban cika ba.

Ga dattijo can yana yafito ni, ya riga ya jera 'ya'yan. Saura dala goma a aljihuna, kuma da kuɗin jirgin ƙasa a ciki. Ɗan riƙe min kyamarar nan, Malam. Wannan karon doki zan fara fitarwa.