Gumakan Tagulla na Daular Chola

Kafin ku kalli fuskar gunkin tagulla na Chola, ku dubi gindinsa. Kun ga waɗannan ramukan? Nan ake zura sanduna a saɓa shi a kafaɗa. Babban gunkin dutse na cikin ɗakin bautar Hindu ba ya motsawa, shi ya sa aka ƙera na tagulla, wanda ranar biki za a yi masa ado da tufafi da furanni a zaga gari da shi.

A zamanin sarakunan Chola, a yankin Tamil Nadu na kudancin Indiya, tsakanin ƙarni na 9 da na 13, wannan sana'a ta kai maƙura. Maƙeri zai fara siffanta gunkin da kakin zuma gauraye da ƙaro, har yatsu da 'yan kunne. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu mai laushi na bakin kogin Kaveri, ya bari ya bushe, ya gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, gurbinsa kuma a cika shi da narkakkiyar tagulla. In ta huce, dole a fasa yumɓun, don haka kowane gunki tilo ne, ba shi da tagwai. Dabarar maƙeran masarautar Benin ta Najeriya ke nan, kuma har yau ana yin ta a garin Swamimalai.

Wanda ya fi shahara shi ne Nataraja, wato Shiva, ɗaya daga cikin allolin Hindu, yana rawa cikin da'irar wuta. Hannu huɗu gare shi: ɗaya riƙe da ɗan ƙaramin ganga, ɗaya da harshen wuta, ƙafarsa kuma ta danne wani wada da ke wakiltar jahilci.

Yanzu ku dubi gunkin mabiya Jain, wani addinin na Indiya. Shiru kake ji. Yana tsaye cak, ba ado, ba makami, hannuwa a sake ba su taɓa jiki ba. In kun ga kawunan maciji sun yi masa laima, galibi Parshvanatha ne, na 23 cikin malamansu 24.

Kyan nan kuwa ya ja musu ɓarayi. An sace wani Nataraja daga ƙauyen Sripuranthan, gidan tarihin ƙasar Ostareliya ya saye shi a 2008 kan kusan dala miliyan 5. Da asiri ya tonu, firaministan Ostareliya na lokacin, Tony Abbott, ya miƙa shi ga takwaransa na Indiya, Narendra Modi, a New Delhi a 2014.